Ko Ya Halatta Jikan Muhajiri Ya Koyi Harshen Nasara?

Akwai mas'alar da ta daɗe tana kai da komo a zukatan dattawanmu na Makwar da Mai Wurno da sauran ƙauyukan Hausawa na Jazira, watau ko ya dace jikokin waɗanda suka baro ƙasar Sakkwato gudun mulkin Nasara su durƙusa suna koyon Ingilishi. Tambayar tana da nauyi, domin Sarkin Musulmi Attahiru ya yi shahada a Burmi a 1903, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya taso da ragowar jama'a har suka sauka bakin Nilu kusa da Sinnar, kuma duk wanda ya ji labarin ƙishirwa da kaburburan da aka bari a hanya ba zai ga laifin tsohon da ya ƙi jinin wannan harshe ba.

Sai dai idan muka yi tadabburi za mu ga cewa hukuncin Nasara a kan Musulmi shi kakanninmu suka guda, harshe kuwa halittar Allah ne, wanda a Suratur Rum aka lissafa saɓaninsa cikin ayoyin Ubangiji. Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallama, ya umarci Zaidu ɗan Sabitu ya koyi rubutun Yahudawa don ya aminta daga ha'inci cikin wasiƙu, fuƙaha'u kuma sun tabbatar cewa abin da wajibi ba ya cika sai da shi, shi ma wajibi ne. Sa'ad da aka gama madatsar Makwar a 1925, iyayenmu ne suka duƙa cikin gonakin auduga, littafin lissafi kuwa yana hannun waɗansu cikin harshen da iyayen namu ba sa ji, nasu dangwala yatsa kawai. Har yau manomi yakan riƙe gwangwanin maganin feshi yana jujjuyawa bai san gwargwadon da aka rubuta ba, alhali kuskure kaɗan na iya halaka shuka ko mai shukar. Saboda haka samun masu jin Ingilishi a cikinmu farillar kifaya ce.

Hanyar koyonsa kuwa tana hannunmu tun daga makarantar allo. Ɗalibi ya nemi malamin da zai biya masa baki da baki, ya ɗauki jumla uku cikakku bayan asuba, ya maimaita su da ƙarfi har su zauna, domin kalma tilo ba ta daɗewa a ƙwaƙwalwa. Ya ware rana guda a mako don tilawar baya. Ya saurari labarai a rediyo da Hausa ko Larabci, sa'an nan ya bi su da Ingilishi, tunda ma'anar ta riga ta shiga, saura lafazi. Ya yi haƙuri da hannunsa da ya saba tasowa daga dama, ya kuma jure dariyar abokai, gama mai kunyar kuskure ba ya zama malami.

Sharaɗi biyu ne: kada Ingilishi ya riga Alƙur'ani shiga ƙirjin yaro, kuma kada ya taru da Larabcin kasuwa su kori Hausa daga tsakar gida. Wanda ya kiyaye su, ya kyautata niyya don amfanin jama'arsa, muna fata karatunsa ya zama ibada. Wallahu a'alamu.