Ajiya a Hannun Na Gida

Mai ɗan kanti a Kasuwar Tarauni, ko mai gyaran waya a Farm Centre, ko matar aure a Babban Giji mai sayar da man gyaɗa a cikin gida, in ɗayansu ya kai ajiya ƙaramin bankin unguwa, sau da yawa yakan tarar ya san manajan, watakila ma sahu ɗaya suke bi a masallaci. To, shin ya halatta ya nemi a nuna masa lissafin bankin, ko kuwa yin haka zargi ne da cin fuska?

Asalin irin waɗannan bankuna a Nijeriya a kan sanayya aka gina shi. A watan Disamba na 1990, zamanin mulkin Janar Ibrahim Babangida, aka buɗe bankin al'umma na farko, mai suna Alheri, a Tudun Wadar Kaduna. Dabarar kuwa mai kyau ce. Manyan bankuna ba sa ba da rance sai da jingina, talaka kuwa ba shi da takardar gida ko ta gona. Amma unguwa ta san mai gaskiya, ta san mai taurin bashi, saboda haka aka ce halin mutum ya zama jinginarsa. Da jarin naira 250,000 jama'a na iya kafa nasu, kuma aka hana mutum guda ya mallaki fiye da kashi 5 cikin ɗari, don kada bankin jama'a ya koma aljihun attajiri ɗaya. Kafin tsakiyar shekarun 1990 yawansu ya haura dubu.

Da yawa ba su yi ƙarko ba. A 2005 Babban Bankin Nijeriya ya fito da sabon tsari, ya ce kafin ƙarshen 2007 duk su koma ƙananan bankunan ba da rance, da jarin da bai gaza naira miliyan 20 ba. A watan Satumba na 2010 aka soke lasisin 224 daga cikinsu, ko da yake an mayar wa waɗansu bayan sun ƙara jari. A watan Mayu na 2023 kuma aka soke na 179. Cikin manyan dalilan da aka bayar a 2010 akwai basussukan da ba a biya ba, da rancen da masu riƙe da bankin suka ba kansu da na jikinsu.

A nan ne fa maganar take. Mutane da dama suna zaton banki kamar asusu ne, kuɗin da aka zuba yana nan kwance sai ranar fasawa. Ba haka ba ne ko kusa. Banki yana riƙe kaɗan don masu zuwa ɗiba, sauran ya ranta wa waɗansu. Watau kuɗin mai man gyaɗa yana hannun mai shagon siminti a Gyadi-Gyadi, lafiyar ajiyarta kuwa tana rataye da alkawarinsa, ba da kaurin ƙofar ƙarfen bankin ba. Fenti sabo da na'urar sanyaya ɗaki ba sa nuna kome. Abin dubawa shi ne, nawa aka ranta, wa aka ranta wa, nawa kuma ya dawo a kan lokaci.

Sanayyar nan da ta zama ƙarfin ƙaramin banki, ita ce kuma ƙofar cutarsa. Dattijon da ya yi wa manaja walicci ya zo neman rance, da wane baki za a ce masa a'a? Wa'adi ya cika bai biya ba, wa zai aika masa takardar gargaɗi? Babu wanda ya yi nufin sata, kunya ce kawai da kara, halaye biyu waɗanda ake yabo a ko'ina. Amma a wannan wuri mai kara da dukiyar wani yake yi. Hausawa sun ce in da amana ruwa ba zai dafa kifi ba, ga shi kuwa a nan ruwan bai ma san yana tafasa ba.

Masu ƙin tambaya suna da hujja, kuma ba ta banza ba ce. Suna cewa banki da yarda yake rayuwa, in aka yi ta ƙus-ƙus har masu ajiya suka firgita suka taho rana ɗaya, ko lafiyayyen banki sai ya durƙusa, gama ba ya iya tattaro rancensa a yini guda. Gaskiya ne. Sai dai jita-jita a cikin duhu take haihuwa. Inda ake karanta lissafi kowace shekara a gaban masu hannun jari, bayan mai binciken kuɗi na waje ya sa hannu, mai raɗa ba ya samun kasuwa. Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, cikin Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka, kuma ga muminai aka yi umarnin, ba ga ɓarayi ba.

Akwai Hukumar NDIC mai inshorar ajiya, wadda ta ɗaga abin da take biyan mai ajiya a ƙananan bankuna daga naira 200,000 zuwa miliyan 2 a 2024. Wannan kariya ga masu lasisi kaɗai take, don haka neman ganin lasisi ba rashin kunya ba ne.

Wanda ya fi kowa cin moriyar tambaya kuwa shi ne manajan kirki. In jama'a sun saba da duba littafi, ya sami abin fakewa. Ran da dattijon nan ya dawo, sai ya russuna ya ce, "Baba, ba ni na hana ba, a watan gobe za a karanta lissafi a gaban jama'a."