Wa Ya Taimaki Wa a Mabera?

Idan damina ta kankama, ruwa kan kwanta a lungunan Mabera. Mu 'yan unguwar da ke karatu a Jami'ar Usmanu Danfodiyo mukan fito aikin gayya, mu yashe kwatoci, mu ce mun taimaki al'umma. Amma wa ya taimaki wa?

A aji mun karanta yadda kwalara ke yaɗuwa ta gurɓataccen ruwa. A lungu kuwa muka gane cewa sai an gaida mai unguwa da liman kafin a ɗaga shebur. Wata tsohuwa ta tambaye mu, "'Ya'yana, kun kwashe ta yau, sharar gobe ina za mu zuba ta?" Ranar muka san ba mu iya tsara aiki ba. Haƙuri, iya magana da manya, riƙon amanar kuɗin karo-karo, duk a can muka same su kyauta.

To, idan muka rubuta wannan a takardar neman aiki muka yi gaba, kwatar ta sake toshewa, mun yi adalci? Wahalar maƙwabta muka mayar ɗakin gwaji ke nan. Wanda unguwa ta koyar, bashi ya ci. Biyansa shi ne mu dawo baɗi, ko babu mai ɗaukar hoto.