Hannun mahauci da ƙirjin yaro mai asma

Ka ce wa tsohon mahauci ya ba ka kilo guda. Zai yanko tsoka, ya ɗan jinjina ta a tafin hannu, ya jefa kan sikeli, allura ta tsaya kusan daidai. Shekaru ya yi yana kintata, sikeli na gyara masa, har hannun ya ƙware.

Irin wannan horo yaro mai asma yake buƙata a ƙirjinsa. Hanyoyin iskar huhu na iya tsukewa sannu a hankali, jiki ya saba, sai yaron ya ɗauka haka kowa ke numfashi. Ka tambaye shi, ya ce "lafiya lau, Baba," kuma ba ƙarya yake yi ba. Amma ka lura da shi a filin ƙwallo: wanda da yake tsere da 'yan'uwansa, yanzu kullum shi ke roƙon a bar shi ya tsare gida. Da asuba kuma tari ya tashe shi.

Akwai ɗan bututu mai ma'auni da ake hurawa, yana nuna ƙarfin iskar da ke fita daga huhu. A shekarar 2012, Jonathan Feldman da abokan aikinsa a birnin New York na Amurka sun wallafa wani bincike: sun sa yara masu asma su riƙa faɗin lambar da suke zaton za ta fito kafin su hura. Waɗanda aka bari suka ga sakamakon bayan kintacen sun fi gane halin da ƙirjinsu yake ciki, sun kuma fi kiyaye shaƙar maganin rigakafi. Wannan dabara ta burge ni matuƙa, don ta mayar da yaro mai lura da kansa, maimakon ya jira uwa ta ji ƙirjinsa na kuka.

Likitoci kan kwatanta sakamakon hurawar da lambar da yaro ya fi kaiwa lokacin da yake garau. Kashi 80 cikin 100 zuwa sama, babu damuwa. Tsakanin 50 da 80, a bi abin da likita ya tsara. Ƙasa da 50, sai asibiti.

Inda babu bututun, a sauya salon tambaya, musamman da hunturu idan ƙura ta taso. A bar "yaya jiki?" A ce: "Ƙirjin ya yi nauyi? Ka iya hawa matakala ba ka tsaya ba?" Idan kuwa yaro ya kasa ƙarasa magana sai ya ja numfashi, ko fatar tsakanin haƙarƙarinsa na lotsawa ciki, a ba shi maganin shaƙa na gaggawa a nufi asibiti nan take, ko da ya ce ya ji sauƙi.