Mai Bege Ba Ya Naɗe Hannu

Wata tambaya ce wani almajirinmu ya yi mana a makaranta, ta hana mu sakat, shi ya sa muka kawo ta nan mu duba tare. An tashi daga aji, yara sun watse, sai ya tsaya a bakin ƙofa yana murza hularsa. Ya ce, "Malam, an ce ina da wa, ya rasu shekarar dalma tun ba a haife ni ba, yana da shekara biyu. Wane laifi ya yi wa Allah?" Muka ce, "Yaro, je ka gida, gobe ma yi magana." Gaskiyar al'amari, amsa ce ba mu da ita a lokacin. Ilmin da muka ɗauko daga makarantar horon malamai bai tanadi wannan ba.

Wanda ba mutumin ƙasar Zamfara ba ne, watakila ya ce mece ce kuma shekarar dalma? To, ga labarin a taƙaice. Cikin 2009 kuɗin zinariya ya hau a kasuwannin duniya, har oza guda ta wuce dala 1,000. Mutanen ƙauyukan Anka da Bukkuyum manoma ne masu ƙaramin ƙarfi, ga kuwa duwatsu masu zinariya a dajinsu. Suka dinga haƙowa suna kawowa gida, a daka a turmi, a niƙa a injin niƙan hatsi, a wanke, a shanya a tsakar gida. Ashe dutsen nan cike ya ke da dalma. Ƙurarsa ta bi ɗakuna da tukwane da rijiyoyi, ta zauna cikin ƙasar da jarirai ke rarrafe suna kai hannu baka. Cikin watan Maris na 2010 likitocin ƙungiyar MSF suka tarar yara suna ta sanƙarewa suna mutuwa, maganin zazzaɓin sauro kuwa ba ya yi musu kome. Da aka auna jininsu sai aka ga gubar dalma ce. A 'Yargalma da Dareta, wajen ɗaya cikin huɗu na yaran da ba su kai shekara 5 ba sun rasu cikin shekara guda. Jimlar waɗanda aka rasa ta wuce 400.

Ba a nan wahalar ƙasar ta tsaya ba. Cikin Janairu na 2022 'yan bindiga suka auka wa ƙauyukan Anka da Bukkuyum; hukuma ta ce mutum 58 aka kashe, mutanen wurin suka ce sun kusa 200. Cikin Agusta na 2024 ambaliya ta rushe gidaje masu yawa a Gummi, wata bai cika zagayowa ba jirgin ruwa ya kife da manoma suna ƙetarewa zuwa gonakinsu. Saboda haka tambayar yaron nan ba tasa ba ce shi kaɗai. Tana bakin mutane da yawa a ƙasar Sarkin Zamfara da ta Sarkin Mafara da ta Sarkin Danko, ko da ya ke kunya da tsoron saɓo sun hana su furta ta.

Mu da ke wannan rubutu Kirista ne, muna zaune 'yan kaɗan cikin 'yan'uwanmu Musulmi, rijiyarmu ɗaya, kasuwarmu ɗaya, in an yi rashi kuwa tare mu ke zaman makoki. Za mu faɗi abin da addininmu ya koya mana, ba don jayayya ba, sai don kowa ya auna da nasa.

Amsa ta fari da ta kan zo bakin mutane ita ce, wahala sakamakon zunubi ce. Wannan amsa tana da sauƙi, domin tana sa wanda ya tsira ya ji kamar kirkinsa ne ya tsirad da shi. Amma Littafi Mai Tsarki ya ƙi ta a wuri biyu sanannu. Ayuba, wanda Musulmi da Kirista duka suka san haƙurinsa, ya rasa dukiya da 'ya'ya da lafiya. Abokansa uku suka zo ta'aziyya, suka ɓige da tuhumarsa, wai lalle akwai laifin da ya ɓoye. A ƙarshen labarin su Allah ya tsauta wa, ba Ayuba ba. Haka kuma cikin Bisharar Yohanna, almajirai suka ga wani da aka haifa makaho, suka tambayi Yesu ko laifinsa ne ko na iyayensa. Ya kore duka biyu, sa'an nan ya juya ga makahon ya warkad da shi. Ku lura fa, almajirai neman mai laifi su ke yi, Ubangijinsu kuwa abin da za a yi wa mutumin ya duba. Don haka abu na fari da muka gaya wa yaron nan da gari ya waye shi ne, "Wanka bai yi laifin kome ba. Ƙurar dutse ce ta kashe shi."

Amsa ta biyu ta fi ta fari kyaun gani, ita ce kuwa ta fi haɗari. A kan ce, ƙaddara ce, sai dangana. Dangana abu ne mai kyau a bakin kabari, inda hannun ɗan Adam ba shi da sauran abin yi. Uwar da ta binne ɗanta, in ba ta dangana ba zuciyarta sai ta fashe. Amma in aka ɗauko danganar nan aka kawo ta tsakar gida inda sauran yara ke rarrafe cikin guba, ta zama wani abu dabam, ta zama lalaci sanye da rigar ibada. Da mutanen 'Yargalma sun ce ƙaddara ce suka yi shiru, da kaburbura sun ci gaba da ƙaruwa. Hausawa ma sun ce, Allah ya ce tashi in taimake ka.

To, in ba tuhuma ba, ba kuwa naɗe hannu ba, mene ne ya rage? A nan ne mu ke so mu duba wata kalma. Da aka fassara Littafi Mai Tsarki dukansa da Hausa, aka buga shi cikin 1932, masu fassarar sun yi ta amfani da kalmar bege. Fassarar baya ta kan ce sa zuciya, amma har yau bege ya fi zama a bakin masu sujada. Bege ya bambanta da fata. Mutum ya kan yi fatan ruwa ya sauka, ko kuɗin gero ya faɗi, ya faɗa da baki ya wuce abinsa. Bege kuwa sai ga wanda ka sani, ka ke ƙauna, ba ya nan, amma ka tabbata yana tafe. Dubi matar da mijinta ya tafi cin rani. In tana begensa da gaske, za ka ga ta share ɗaki, ta yaɓe katanga, ta kula da awaki, ta ajiye masa hatsi. Ba sai ta faɗa ba, aikin hannunta ya isa shaida. Haka begen Kirista ya ke. Mun gaskata Almasihu ya sha wuya, ya mutu, ya tashi, kuma Allah zai gyara abin da ya ɓaci. Wanda ya gaskata wannan, ba shi da hujjar barin gidan Allah cikin ƙazanta yana jira.

Abin mamaki, maganin annobar dalma ma da shara ya fara. Akwai magani da a ke ba yaro ya sha, ya kama dalmar da ke cikin jini ya fitad da ita ta fitsari. Amma likitoci suka ce aikin banza ne a ba yaro magani a mayad da shi gidan da gubar ta ke. A waɗansu wurare an auna ƙasa an sami dalma ta fi kashi 10 cikin 100. Sai aka bi gida gida da fartanya da shebur, a kankare ƙasar sama, a kwashe cikin buhuna, a kai rami a binne, a kawo sabuwa mai tsabta a shimfiɗa. Tsakanin 2010 da 2011 aka gama ƙauyuka 7, watau Dareta, da 'Yargalma, da Abare, da Sunke, da Duza, da Tungar Guru, da Tungar Daji. Bagega, wadda ta fi su girma, ta yi ta jiran kuɗin gwamnati, ba a share ta ba sai 2013. Aka yi wa dubban yara magani, mutuwa ta ragu ƙwarai, likitocin MSF kuwa ba su miƙa aikin ga hukuma ba sai 2022. Masu riƙe da fartanyar nan samarin ƙauyukan ne, Musulmi, da izinin sarakunansu. Ba mu ce aikin Kirista ba ne. Abin da muka ce shi ne, in Kirista yana son ya ga kamannin begen da ya ke wa'azinsa, to, ga shi nan.

Mai hankali zai ce, "Malam, ai ka kashe maganarka da bakinka. In shebur da magani ne suka ceci yara, ina amfanin bangaskiya? Cikin likitocin nan ma akwai waɗanda ba su bin addinin kome." Wannan magana tana da nauyi, ba kuwa za mu kauce mata ba. Gaskiya ne, shebur bai san addinin mai riƙe da shi ba. Amma shebur yana da iyaka. Bai komo da yaran nan 400 ba. Kuma dalma in ta taɓa ƙwaƙwalwar jariri, ɓarnar ba ta gyaruwa sarai. Mun koyad da waɗansu da suka tsira: ka yi ta maimaita musu baƙi ɗaya har mako, gobe su zo kamar ba su taɓa gani ba. In da lissafin riba a ke bi, sai a ce wahalar da a ke sha a kansu hasara ce. A nan ne bege ke da aikin da ba mai yi sai shi. Shi ke ce wa malami, yaron nan mai nauyin kai darajarsa wurin Allah daidai ta ke da ta na ɗayan aji, kada ka ɗaga masa bulala a kan abin da guba ta yi masa. Shi ke ce wa uwa, ɗanki bai ɓace ba, yana hannun Wanda ya halicce shi. Shi ke sa mutum ya ci gaba da aikin da ya san ba zai ga amfaninsa da idonsa ba.

Kada a ce wannan zance ne na fatar baka, bari mu kawo misali daga ƙasar Zazzau. Cikin 1914 waɗansu Hausawa da a ke kira Isawa, waɗanda suka karɓi addinin Kirista ta hannun Likita Mila, suka kafa ƙauye a Gimi, suka gina makaranta da ɗakin sujada, suka yi gonaki. Cikin 'yan shekaru ciwon barci, wanda ƙudan tsando ke kawowa, ya shiga cikinsu ya yi musu kaca-kaca, har ƙauyen ya watse. Maƙwabta suna iya cewa fushin Allah ne, su kansu suna iya cewa Allah ya yashe su. Amma waɗanda suka ragu ba su yar da bangaskiyarsu ba, ba su kuma daina sa 'ya'yansu makaranta ba. Suka haɗu da 'yan'uwansu na Zariya, waɗanda suka koma Wusasa cikin 1929, aka gina asibiti da makaranta. Daga cikin jama'ar Wusasa ne aka sami Dokta R. A. B. Dikko, likita na farko ɗan Arewa. Ciwon barcin kuwa, daga ƙarshen shekarun 1930 aka yaƙe shi a ƙasar Anchau da gatari, aka sassare kurmin bakin rafuka inda tsando ke ɓuya, aka gina sabon gari Takalafiya. Ba mu ce an kashe mutanen Gimi don a sami likita ba, Allah ya kiyashe mu da irin wannan lissafi. Mutuwarsu hasara ce, hasara kuwa sunanta hasara. Sai dai waɗanda suka tsira sun ƙi bari ta zama ƙarshen labari.

Wannan shi ne abin da mu ke nufi in mun ce mutum ya kan sami manufar ransa cikin wahala. Ba a ba mu dalilin kowace masifa ba. Ayuba ma har ƙarshe ba a gaya masa dalilin tasa ba. Abin da aka ba mu shi ne aikin da masifar ta ajiye a ƙofarmu. Manzo Bulus, cikin wasiƙarsa zuwa ga Romawa, ya nuna bege ba daga jin daɗi ya ke tsirowa ba, daga ƙunci ne, ta hanyar jimiri. Yesu kansa ya yi kuka a kabarin abokinsa Li'azaru, saboda haka hawaye ba rashin bangaskiya ba ne. A yi kuka, a dangana kan wanda ya tafi, sa'an nan a tashi saboda wanda ya rage.

Aikin kuwa bai ƙare ba. Talaucin da ya sa aka kawo dutse gida yana nan, zinariya kuma tana nan cikin ƙasa. Saboda haka muna roƙon masu haƙa, kada a daka dutse ko a niƙa shi cikin gari, kada injin dutse ya niƙa hatsi, a jiƙa dutse kafin a niƙa don ƙura ta kwanta, a yi wanka a sake tufa kafin a ɗauki yaro. Muna roƙon malamai 'yan'uwanmu su yi haƙuri da yaran da guba ta taɓa. Muna roƙon limamai da fastoci, in sun gama yi wa mutane ta'aziyya, su ƙara musu da wannan gargaɗi, gama rigakafi ya fi magani.

Yaron nan da ya yi mana tambaya, da muka gama yi masa bayani ya yi shiru, sa'an nan ya ce, "Malam, kawuna yana shigowa da kayan aikinsa har ɗakin da ƙanwata ke kwana." Muka ce, "To, ɗana, ka ga naka aikin. Ka gaya wa mahaifinka cikin ladabi, mu ma za mu zo mu gaishe shi." Allah ya ji ƙan waɗanda suka riga mu, ya ba ƙasar Zamfara lafiya, ya ba mu zuciyar da ba ta yanke ƙauna, da hannun da ba ya gajiya. Amin.