Zuciya Ta Gaji, Jiki Ya Yi Kuka

Karatu: 1 Sarakuna 19:1-8

Ɗan'uwa, 'yar'uwa, yaya barcinka a kwanakin nan? Idan kana zaune a Zongon Kwatano, ka san yadda rufe iyaka yake taɓa tukunyar gida. Nijeriya ta rufe iyakar Seme a watan Agusta 2019, ba a buɗe ba sai Disamba 2020. A 2023 kuma, bayan juyin mulkin Nijar, manyan motoci suka yi cirko-cirko a Malanville. Kaya ya tsaya, bashi bai tsaya ba. A irin wannan lokaci ne mutum yake fara jin ciwon kai, faɗuwar gaba, ciki ya murɗe, abinci ya fita masa a rai.

Wannan ba ƙarya jiki yake yi ba. Sa'ad da tsoro ya kama mutum, jiki yana sakin sinadarai, irin su adirenalin da kotisol. Zuciya ta ƙara bugu, jini ya hau, naman wuya da kafaɗa su ɗaure. Allah ya shirya haka domin mu tsere wa hatsari. Amma in damuwa ta kwana ta wuni har watanni, jiki yakan gaji.

Dubi annabi Iliya. Ya gudu daga Yezebel, ya zauna a ƙarƙashin itace a jeji, har ya roƙi mutuwa. Ubangiji bai fara da tsawa ba. Ya bar shi ya yi barci, mala'ika ya tashe shi sau biyu ya ci ya sha. Bayan haka ne Allah ya yi masa magana a Horeb.

Don haka ka kai kukanka gaban Yesu, ka kuma faɗa wa wani amintacce a ikkilisiya. Ka ci abinci a kan lokaci, ka ba ido haƙƙinsa. Kada kuma ka ɗora kowane ciwo a kan tunani. Hawan jini sau da yawa ba ya nuna alama, sai an auna. Gyambon ciki galibi ƙwayar cuta ce take kawo shi, yana da magani. In ƙirji ya riƙe ka ko numfashi ya yi wuya, tafi asibiti nan da nan. Zuwa wurin likita ba rashin bangaskiya ba ne. Luka ma likita ne.

Addu'a: Ya Uba, ka san nauyin da ke zuciyata da ciwon da ke jikina. Ka ba ni hutu, ka ba ni hikimar neman taimako. A cikin sunan Yesu, Amin.