Duba Robar Sandarka

Karatu: Zabura 73

Ƙaunatacce, in kana tafiya da sandunan guragu, damina lokacin lura ne, gama jiƙaƙƙen siminti da laka suna da santsi. Kafin ka fita, duba robar gindin sanda. In ta cinye, a sake ta. Yi gajeren taku, kada ka kafa sanda nesa da jikinka.

Zuciya ma tana da nata santsi. Asaf ya kusa zamewa saboda ƙyashin wadatar mugaye. Sai da ya shiga wuri mai tsarki ya gane cewa su ne ke tsaye a kan santsi. Kai fa, ga wa kake dogara yau?

Addu'a: Ya Ubangiji Yesu, ka riƙe hannuna, kada ƙyashi ya kayar da ni. Amin.