Rage Ƙiba a Nima: Butulci ne ko Riƙon Amana?

A unguwannin Nima da Maamobi na Ghana, idan amarya ta murje bayan biki, miji ake yaba wa: ya iya riƙo. Wadda ta rame kuwa sai ta sha tambaya, "Hajiya, lafiya dai ko?" Shi ya sa mai son rage jiki kan sha gori, har a ce ta raina halittar Allah.

Wannan zargi bai da madogara. Hadisin da Tirmizi ya ruwaito ya kasa ciki gida uku, na abinci, na abin sha da na numfashi. Koko da ƙosai, waakye da tuwo duk halal ne, amma jiki amana ne, kuma ƙiba mai yawa tana buɗe wa hawan jini da ciwon suga ƙofa. Abin tambaya shi ne hanyar da za a bi.

Koriya ta daɗe da wannan nazari. Littafin Dongui Bogam na Heo Jun, likitan fada, ya fito a 1613, ya kuma fifita kiyaye lafiya tun kafin cuta ta zo. A 1894 Lee Je-ma ya kasa mutane gida huɗu bisa ɗabi'ar jikinsu, kuma masu bin tsarinsa sun ce rukunin Taeeum ne ya fi saurin ƙiba. Abin da ya fi jan hankali shi ne yadda ya ɗaure cuta da hali: fushi da kwaɗayi, a ganinsa, suna taɓa kayan ciki. Don haka sai an karanci mutum kafin a haɗa masa magani, tare da gyaran cima da motsa jiki.

Ina wannan, ina shayin rage tumbi da ake talla a cikin motocin haya na trotro, ƙulli ɗaya ga kowa? Wanda ke sa gudawa ruwan jiki yake zubarwa, kitse na nan. Ko tsiron mahwang da likitocin Koriya ke aunawa da taka-tsantsan, Amurka ta hana sayar da ƙwayoyin rage ƙiba masu ɗauke da sinadarinsa a 2004, saboda illarsa ga zuciya. Mai cutar da kansa don ya yi kyau bai riƙe amana ba.

Ghana tana da cibiyar binciken magungunan tsirrai a Mampong-Akuapem tun 1975, da dokar maganin gargajiya ta 2000. Kafin a sha komai, a duba lambar rajistar hukumar abinci da magunguna ta Ghana (FDA), a je asibitin Maamobi a auna jini. Limaman Zango kuma su kawo batun cikin huɗuba.